Ta'aziyyar Bah Phlinton, Yana Tsaye

Shekara talatin da wani abu ina sayar da shayi a bakin tashar tasi ta kasuwar Iewduh, amma ban taɓa samun maƙwabcin da ya cika min kunne irin Bah Phlinton Nongsiej ba. A nan Bah muke ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Kong. Shi dai gyaran lema yake yi. A garinmu Shillong kuwa mai gyaran lema ba ya kwana da yunwa, don ruwan samanmu ba ya shawara da kowa. Rumfarsa a jingine take da tawa: buhu ɗaya a shimfiɗe, gwangwanin waya, filaya, da tulin karyayyun lemomi. Da zarar aiki ya lafa sai ya zaro ƙarfen lema biyu ya hau bugun duk abin da ke gabansa, bencina ne, murfin tukunyata ne, har kofunan da na wanke na kife ba su tsira ba.

"Bah, za ka fasa min kofi!"

"Kong Bilin, ki dai saurara. Wannan bugun ni na ƙirƙiro shi."

"To ka je ka buga shi a kan ƙoƙon kanka mana."

Sai ya yi dariya ya ci gaba. Mutum ne siriri, mai manyan kunnuwa a baje, bakinsa ja wur kamar na kowa a nan, saboda irin goronmu da ake ci a naɗe cikin ganye da farar ƙasa. Bai iya faɗa ba, bai iya zagi ba. Magana ɗaya gare shi a duniya, ita yake kwana da ita, ita yake tashi da ita: wai shi ne mai gangar farko na Baƙin Hadari.

Baƙin Hadari fa! Makaɗan rok ɗin nan, kiɗan jita irin na Turawa, da babu tasin da za ka shiga a garin nan ba ka ji jitarsu tana kuka ba. Kakanni sun yi rawarsu, jikoki suna yi. Shugabansu Osper Kharumnuid, mai dogon gashi har gadon baya, hotonsa na manne a shagon aski da gilashin mota. Shi ne wanda tsohon nan da ke tsugunne a kan buhu yake kira abokinsa.

Labarin nasa na haddace shi tas, don na sha shi fiye da shayina. Su huɗu suka fara, suna samari, a rumfar itace ta bayan gidan su Osper a unguwar Laban. Shi ya haɗa gangar farko da garwa da fatar akuya, kafin ya samu na gaske. Ana cikin haka ya yi aure, kuma ya je ya auri auta. Ga abin da auren auta yake nufi a al'adarmu: gida nata, gona tata, uwa tana wuyanta, miji shi zai kwaso jakarsa ya tare, 'ya'ya su ɗauki sunan dangin uwa, magana kuma ta kawu ce. Da aka kira ƙungiyar zuwa Kalkata su riƙa kiɗa a wani otal, Phlinton ya ɗaure gangunansa. Ya fito ya tarar da kawun matarsa zaune a bakin ƙofa yana tauna goro.

"Mijin auta ba ya yawo," in ji kawu. "In za ka tafi ga hanya nan. Amma abin da ya shigo gidan nan na gidan nan ne, gangunan ma haka. Cikin da ke jikinta ma haka."

Ya kwance kayan. Ya tafi tashar mota hannu biyu a sake, ya samu abokansa sun riga sun ɗora jita a kan rufin bas. Ya faɗa musu ba zai je ba. Ya naɗa goro a ganye ya miƙa wa Osper na sallama. Osper ya dubi goron, bai karɓa ba. Ko maƙiyinka ne ya miƙo maka goro ai karɓa kake yi, amma shi sai ya ce, "Daga yau ka mutu a wurina," ya haye mota.

"Fushin ƙuruciya ne kawai," haka Phlinton yake rufe labarin kullum, yana murmushi. "Osper akwai zuciya, amma ba ya riƙo."

Ni abin da na gani da idona shi ne babbar gangar. Na taɓa zuwa gidansu gaisuwar rashin lafiya, na same ta a bayan kicin, an cire fata ɗaya, an zuba ciyawa, kaza tana kwanci a ciki.

Cikin nan da kawu ya ambata shi aka haifi Ibalari, ita kaɗai Allah ya ba su. Tun tana makaranta yara ke tsokanarta da 'yar mai gangar ƙarya, har ta tsani jin maganar. Ta girma, ta samu aikin ofis, ta auri wani mai sanƙo da ba ya gaisuwa. Da uwarta ta rasu, bisa al'ada Phlinton ya kamata ya koma dangin tasa uwar, sai dai can ba wanda ya rage da zai ce masa sannu da zuwa. Ibalari ta bar masa ɗakin bayan kicin, maƙwabcin kaji. In ta biyo ta kasuwa sai ta tsallaka ɗaya gefen titi, ta karkata lemarta ta kare fuska. Lemar ma shi ya gyara ta.

Wata rana da ba ciniki ya ajiye ƙarafansa ya ce min, "Kong, ni fa ba na neman komai. Sau ɗaya dai yarinyar nan ta ji daga bakin wani cewa ubanta ba maƙaryaci ba ne. Shi ke nan."

Na ce, "Sha shayinka, yana hucewa." Me zan ce masa? Ni kaina rabi na yarda, rabi ban yarda ba.

Direbobin tasi kuwa sun samu abin wasa. Babbansu a iya shege Donkupar, ƙato mai tumbi, wanda in bai ci mutuncin wani da safe ba shayi ba ya yi masa daɗi.

"Bah Tauraro! Yau Osper bai bugo waya ba?"

"Yana da aiki da yawa, ɗana."

"Ai kuwa. Yana can yana neman wanda zai gyara masa lema."

Sai benci ya ɗauki dariya. Akwai wata waƙar Baƙin Hadari mai sanyi, ta wani aboki da ya mutu yana saurayi ya bar kujerarsa ba kowa. Duk inda aka sa ta sai mata sun share hawaye. In ta fito a rediyona Phlinton yakan cire hula ya ce, "Wani abokinsu ne na Kalkata, Allah ya ji ƙansa. Ban san shi ba, amma bugun da ke ƙarƙashinta nawa ne." Donkupar ya ce har mamaci ma bai tsira daga ƙaryarsa ba.

Kwatsam sai ga takardu a bangon gari: Baƙin Hadari za su dawo gida, wasan ban kwana, a filin Polo. Tsufa ya kama su, biyu ma sun riga sun kwanta dama. Direbobi suka haɗa kai suka yanko wa Phlinton tikiti na gaba-gaba, dab da shingen ƙarfe. Kada ku ɗauka alheri ne. Donkupar da ya miƙa masa cewa ya yi, "Mu je mu ga yadda abokinka zai rungume ka. In bai gane ka ba, ƙarafan nan a kwata za mu zuba su." Ni ma suka yanko min, wai don in zama shaida.

Wayyo, shirin da bawan Allah nan ya yi! Ya ciro wata tsohuwar rigar fata da ta yi masa yawa, ya goge ta da man kwakwa. Ya shafa wa furfurarsa baƙin man takalmi. Ya zagaye kasuwa yana zaɓen goro, ya yanka da kansa, ya wanke ganye, ya dangwala farar ƙasa daidai yadda ya ce Osper yake so, ya jera a wani ƙaramin gwangwani. Ya kuma yi ƙarfin hali ya tari Ibalari da maganar. Ta ce dama za su je ita da mijinta, kujerunsu na cikin rumfa. "Amma Pa, don girman Allah, kada ka zo inda muke." Ya zo yana ba ni labari da murna, wai dai za ta kasance a wurin.

Ranar na rufe rumfata da rana tsaka, abin da ban yi ba ko ranar auren ƙanwata. Ana yayyafi, filin ya zama taɓo. Mutane kuwa kamar an juye garin gaba ɗaya: tsofaffi masu tumbi sun matse cikin baƙaƙen riguna, kakanni mata da jikoki a kafaɗa, samari daga Guwahati, har da 'yan Delhi masu ɗan kunne a hanci. Da aka buga jitar farko sai da na ji ta a haƙarƙarina. Osper ya fito yana ɗingishi, gashin nan ya yi fari fat, ya ɗaga hannu ɗaya filin ya rikice. Muryar ta tafi, gaskiya. In waƙa ta hau sama sai ya miƙo mana makirfo mu ƙarasa masa, mu kuwa mu ƙarasa har da ƙari.

Phlinton bai rera ko baiti ɗaya ba. Ya zaro ƙarafan lemarsa yana bugun shinge, idonsa a kan Osper. Ni ban san kiɗa ba, ba zan ce ya dace ko bai dace ba. Na dai ga yayyafi ya narkar da man takalmin, baƙin ruwa yana gangaro masa ta bayan kunne har cikin wuya. Su Donkupar na bayanmu suna zungurar juna. Duk sanda Osper ya matso bakin dandamali sai Phlinton ya ɗaga gwangwanin goro sama, shi kuma ya wuce.

Da rana ta yi sanyi Osper ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya. Aka kawo wata 'yar kujerar mai ganga aka ajiye a tsakiya, ba kowa a kai. Kowa ya gane waƙar da ke tafe. Ya laluba aljihu ya ciro goro a naɗe, ya sunkuya da ƙyar ya ɗora a kan kujerar, yadda muke ajiye wa mamaci kafin a ɗauke shi. Sai babban allon da ke bayansa ya nuno wani tsohon hoto: samari huɗu a gaban rumfar itace. Na gefe siriri ne, riƙe da sanduna biyu, kunnuwa a baje.

Na ji Donkupar a bayana ya ce, "Kai!"

"Shekara arba'in ina rera waƙar nan ban taɓa faɗin sunansa ba," in ji Osper. "Yau a gida nake, zan faɗa. Phlinton Nongsiej. Shi ya haɗa mu, shi ya ba mu bugun farko, ba don shi ba da babu Baƙin Hadari. Mun rasa shi ranar da za mu tafi Kalkata. Yana can yana cin goro a gidan Allah. Ku yi masa shiru."

Filin ya yi tsit. Huluna suka sauka, wayoyi suka tashi sama da fitilu a kunne. Na juya na dubi Phlinton. Bakinsa a buɗe, yana dariya yana kuka lokaci ɗaya, kamar bai ji ƙarshen maganar ba. Sai ya dafa shinge ya ɗage, ya kwarma ihu cikin shirun nan.

"Osper! Ga ni nan! Ni ne Phlin! Ga goronka!"

"Shhh!" ta ko'ina.

"Ni ne! Ku dubi hoton, ni ne!"

Wani saurayi mai rigar ƙungiyar, da hawaye shaɓe-shaɓe a fuska, ya juyo ya kwaɗa masa mari. "Tsohon banza mashayi! Ana girmama mamaci kana haushi? Ba ka da kunya?"

Na cakumi rigar yaron ina cewa shi ne, wallahi shi ne, ku dubi kunnuwan. Wa zai ji ni? Wa zai haɗa saurayin allo da wannan dodo mai baƙin ruwa a fuska? Na waiwaya in kira su Donkupar, su da suka san sunansa shekara da shekaru. Na same su a duƙe, sun toshe baki, dariya na neman kashe su. Ko ɗaya bai taso ya ba da shaida ba. Masu gadi biyu suka zo suka ɗauke shi cak ta hammata, daidai lokacin da jita ta fara waƙar, dubban mutane suka ɗauka tare.

Ta gaban rumfar masu kujeru aka bi da shi, ina biye ina zagi. Nan na ga Ibalari. A tsaye take, wayarta a sama, hawaye na zuba. Wata baƙuwa mai gilashi ta rungume kafaɗarta tana shafawa, na kusa da su suna ta leƙo ta suna raɗa, wai ga 'yar marigayin. Ashe da aka ambaci sunan ita ce ta ce da ƙarfi, "Babana ne!"

"Iba!" Phlinton ya kira. "Iba, kin ji? Kin ji abin da ya ce?"

Ta dube shi, ta dubi baƙuwar da ke riƙe da ita, ta mai da idonta kan dandamali.

A wajen ƙofa muka ƙarasa jin wasan. Na ce ya zo mu tafi, ya ƙi. Wai kuskure ne, wani ne ya kai wa Osper labarin ƙarya, da ya gan shi ido da ido komai zai warware. Muka tsaya cikin ruwa har aka tashi. Da baƙar motar Osper ta fito sai cunkoso ya tsayar da ita dab da mu. Phlinton ya ƙwanƙwasa gilashi da ƙarfen lema, bugu uku da ɗan jinkiri, sannan ɗaya. Gilashin ya sauka kaɗan.

Osper ya dube shi sama da ƙasa. Ba mamaki a fuskarsa ko ƙanƙani. Ya ce, "Phlin. Kunnuwan nan dai ba su tsufa ba."

"Na kawo maka goro," in ji Phlinton, ya buɗe gwangwanin.

"Ai na riga na ajiye maka naka a ciki."

Gilashi ya koma sama. Tir! Na ɗebi taɓo na jefi motar, ban ma same ta ba.

Washegari ya fito aiki kamar kullum, kuncinsa a kumbure. Na zaci yanzu da gaskiya ta fito za a raga masa. Ina! Donkupar ya zo ya tsaya a gabansa, ya cire hula, ya naɗa goro, maimakon ya miƙa masa a hannu sai ya ajiye a ƙasa gaban buhun. "Allah ya ji ƙanka, Bah. Mutumin kirki ne kai." Sauran suka bi layi. Daga ranar sunansa ya koma Marigayi. Mai kawo gyara ma sai ka ji ya ce, "Kong, Marigayi ya fito kuwa?" Na sha watsa musu ruwan wanke kofi, bai hana ba. Ƙarafan nan kuwa ba a zuba su a kwata ba, shi ya daina ɗaukarsu. Har na riƙa kife kofuna kusa da shi da gangan, bai taɓa su ba.

Hoton wasan ya zagaye duniya a waya, sai baƙi suka fara zuwa. Samarin Delhi da na Bangalor, da jaka a baya, suna tambayar gidan marigayi Phlinton Nongsiej. Direbobi na kai su har ƙofa suna gimtse dariya. Ibalari ta kori kaza daga gangar, ta wanke ta, ta sa aka ɗaura sabuwar fata. Ta sa aka wanke hoton samarin nan babba, ta rataye a falo da furanni. Mijinta mai sanƙo ya koyi gaisuwa. Doka ɗaya aka kafa wa tsohon: in akwai baƙi, ya zauna a ɗakinsa.

Da damina ta yi nisa sanyi ya kama masa ƙirji, ya daina fitowa. Na dafa jan shayi da citta na bi ta ƙofar baya na kai masa. Na same shi zaune a bakin gado, ya manna wannan babban kunnen a jikin katakon da ya raba ɗakin da falo. Ya yi min alama in yi shiru. Akwai baƙi.

Muryar Ibalari na fitowa sarai. "Babana ne ya kafa ƙungiyar. Wannan ita ce gangarsa ta farko ta gaske. Duk bugun da kuke ji a waƙoƙin farko nasa ne. Mutum ne da bai taɓa ƙarya ba a rayuwarsa."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Bah, tashi. Tashi mu shiga falon nan yanzu, in ga wanda zai hana."

Ya riƙe min zane. Idonsa ya ciko. "Kong, kin ji ta? Kullum haka take faɗa. Jiya ma ta faɗa."

Sai tari ya taso masa. Na miƙa masa shayin, bai karɓa ba. Ya cire hularsa da sauri ya cusa a baki, ya duƙe, kafaɗunsa na girgiza, jijiyar wuyansa ta tashi, don kada a ji shi a falo kafin ta gama.